Mota na karkarwa a tsaye: laifin sensar totur ne, ko an bar jaki ana dukan taiki?

Me ya sa tsohuwar mota za ta yi gudu lafiya lau daga Kano har Zariya, amma da an tsaya a danja sai ta kama rawar ɗari, allurar inji na hawa tana sauka, wani lokaci ma ta mutu a tsakiyar titi ana ta danna wa direba oda? Kuma me ya sa a 'yan shekarun nan da yawan masu kai wannan kuka gareji amsa ɗaya suke dawowa da ita, wai sensar totur ce, wadda ake kira TPS, sai an canja ta ko an juya ta?

Tambayar ta ƙara nauyi tun 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai motar da a da ko a jikinsa idan inji na kuka da ƙarfi a tsaye, yanzu ya san kukan nan kuɗi ne ke ƙonewa. Sabuwar mota kuwa ta yi wa mai albashi nisa, shi ya sa Camry da Accord da Carina da Golf na shekarun 1990 suke nan a kan titi, su ne ke kai yara makaranta, su ne tasi. Yawancinsu sun haura shekara 25, kuma a irin wannan shekarun ne roba ke bushewa, waya ke tsatsa, sensa ke gajiya.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: sensar totur tana lalacewa, gaskiya ne, amma ana ɗora mata laifin da ba nata ba fiye da kima, kuma sau da yawa hannun mutum ne ya ɓata mata zama.

## Mene ne sulo?

Sulo shi ne juyin da inji ke yi shi kaɗai, mota a tsaye, ƙafa ba ta kan totur. A yawancin motocin fetur na wancan zamani, idan inji ya ɗauki zafi, allura kan zauna tsakanin juyi 650 da 850 a minti ɗaya. Da sassafe, musamman da hunturu, za ka ga ta tashi zuwa 1,200 ko 1,500, sannan ta riƙa sauka a hankali yayin da inji ke ɗumi. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka ƙera ta.

Inji yana rayuwa ne da abu uku: iska, mai, da tartsatsin wuta a lokacin da ya dace. Gwargwadon da ake nema shi ne nauyin iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na fetur. A kan gudu, iskar da inji ke zuƙa tana da yawa ƙwarai, don haka ɗan kuskure ba ya bayyana. A sulo kuwa iskar 'yar mitsitsiya ce. Tsaguwar tiyo da ko ƙwayar shinkafa ba za ta shige ba ta isa ta birkita lissafin. Shi ya sa mota ke ɓoye ciwonta a kan babbar hanya, ta tona shi a cunkoson Ƙofar Nasarawa.

Kuma kalmar «ba ta da sulo» tana rufe abubuwa daban-daban. Akwai sulon da ya yi ƙasa har mota na neman mutuwa. Akwai wanda ya maƙale a sama ya ƙi sauka. Akwai mai hawa da sauka kamar numfashin wanda ya sha gudu. Akwai kuma karkarwa zalla, allura a zaune amma sitiyari na rawa. Kowanne da inda yake nuni, kuma bakaniken da bai tambaye ka wanne ne ba kafin ya ɗauko sukundireba, ya riga ya tsallake rabin aikin.

## Abin da sensar totur ke yi

Idan ka buɗe bonet ka bi babban tiyon da ya taso daga matatar iska, zai kai ka ga wani ƙarfe mai rami, wanda kanikawa ke ce wa bakin injekta. A cikin ramin akwai faifai a kan sanda. Taka totur yana jan waya, wayar ta juya sandar, faifan ya buɗe, iska ta shiga. A ɗaya ƙarshen sandar ne aka ɗaura wata baƙar roba mai soket, da noti biyu. Ita ce sensar totur.

Aikinta kamar makunnin ƙara sautin tsohuwar rediyo ne. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, tana aika mata wuta mai ƙarfin bolt 5 ta waya ɗaya, waya ta biyu ta ƙasa ce, ta uku kuma ita ke mayar da labari. Idan faifai a rufe yake, labarin kan zama kusan rabin bolt. Idan an taka totur har ƙasa, ya kai wajen bolt 4.5. Daga wannan ne ƙwaƙwalwa ke gane ko direba ya ɗaga ƙafa, ko yana tafiya a hankali, ko ya danna da sauri yana son wuce tirela, sai ta ƙara mai nan take. A mota mai giya otomatik, da wannan labarin ne ma ake yanke lokacin sauya giya.

Tsofaffin Toyota suna da ƙari. Sensarsu waya huɗu gare ta, masu suna VC, VTA, IDL da E2. Wayar IDL ɗan makunni ne da ke haɗuwa kawai idan faifai ya rufe ruf, kamar ya ce wa ƙwaƙwalwa: yanzu muna sulo, ki karɓi ragama. Da jin haka sai ƙwaƙwalwa ta fara sarrafa wani bawul na daban, bawul ɗin sulo, wanda ke zagaye faifan ya shigar da iska daidai buƙata. Ka kunna AC, ta ƙara buɗe shi. Ka kashe, ta rage.

A nan ne mabuɗin maganar yake. Sensar totur ba ita ke yin sulo ba, mai kai rahoto ce kawai. Mai aikin shi ne bawul ɗin sulo, mai hukunci kuma ƙwaƙwalwa.

## Inda ruɗanin ya samo asali

Manyan kanikawanmu da yawa a kan kafireto suka koyi sana'a, a kan Peugeot 504 da 505 da ake harhaɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, da Beetle da tsofaffin Datsun. A waɗannan motocin, daidaita sulo aikin noti ne da kunne. Ka juya noti, ka saurara, ka ƙara juyawa. Ƙwarewa ce ta gaske, kuma wanda ya iya ta ya cancanci girmamawa.

Da motocin injekta suka cika gari, sai aka tarar a jikin bakin injekta ma akwai wani ɗan noti da hannun faifai ke zama a kansa. Ido ya ga noti, hannu ya tuna kafireto. Amma wannan notin ba na sulo ba ne. Tun daga kamfani aka saita shi, galibi har da ɗigon fenti a kai, kuma amfaninsa shi ne hana faifai cizon bangon rami idan ya rufe. Da an murɗa shi don a ɗaga sulo, faifai ya daina rufewa, sandar ta gusa, sensar da ke kanta ta fara kai rahoton cewa akwai ƙafa a kan totur alhali babu. A Toyota makunnin IDL ya rabu, ƙwaƙwalwa ta daina riƙon sulo yadda ya kamata. Sai mota ta riƙa mutuwa idan an kunna AC ko an murɗa sitiyari har ƙarshe. Wani kuma wayar totur yake ɗaurewa tamau, sakamakon duk ɗaya ne. Ita wannan wayar ana so ta kasance da ɗan sako-sako. A Honda na wancan lokaci milimita 10 zuwa 12 aka ƙayyade.

Na ga wannan a kan motata ƙirar 1995. Sulo ya yi ƙasa, na kai wani gareji, aka murɗa notin, na tafi ina murna. Bayan mako biyu ta fara fizga idan na ɗaga ƙafa, aka ce sensa ce, aka canja. Ba ta daina ba, aka ce dilko ne, wato mai raba wa fulogi wuta, aka juya shi. Sai da wani mai wayarin ya zauna da mitar auna wuta ya mayar da komai gurbinsa, sannan aka gano asalin ciwon: baƙin datti ne ya toshe bawul ɗin sulo, aikin wanki na rabin awa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma har yau ina jin zafin kuɗin da ya tafi a banza.

Batun dilko ɗin nan yana da muhimmanci. A tsofaffin Toyota, kafin a saita lokacin wuta sai an haɗa ramuka biyu masu suna TE1 da E1 da 'yar waya a ɗan akwatin bincike da ke cikin bonet, domin ƙwaƙwalwa ta tsayar da wutar a ma'auninta na asali, wanda a injuna da yawa digiri 10 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa. Idan makunnin IDL bai haɗu ba, ƙwaƙwalwa ba za ta tsayar da ita ba. Duk saitin da aka yi a wannan hali a kan kuskure aka gina shi.

A yi wa Honda adalci: Accord da Civic da yawa na shekarun 1990 suna da notin sulo na gaskiya, wanda ke cikin wani ɗan rami a saman bakin injekta. Shi ma ba a taɓa shi sai inji ya yi zafi, an kashe fitilu da AC, an cire soket ɗin bawul ɗin sulo. Kuma ba shi ne notin da faifai ke zama a kai ba.

## Waɗanda suka fi ta laifi

Na farko iskar ɓarauniya, wato wadda ke shiga inji ta inda ba a lissafa ba: tiyon da zafi ya busar ya tsage, gaskit ɗin manifol (bututun da ke raba wa silinda iska), tiyon da ke zuwa tukunyar birki, ko babban tiyon iska da ya yage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Yadda take bayyana ya danganta da irin injin. Wanda ke auna matsin iska a cikin manifol, kamar Honda da Camry mai silinda huɗu ta 1992 zuwa 2001, sulonsa kan tashi sama. Wanda ke auna iskar tun daga bakin matatar iska kuwa, mai ne zai yi masa kaɗan, sai ya kama karkarwa.

Wannan iskar ce kuma ke haddasa hawa da saukar nan da ake yawan jingina wa sensa. An tsara ƙwaƙwalwa ta yanke mai idan faifai a rufe yake amma juyi ya yi yawa, don tanadi yayin gangara. To iskar ɓarauniya ta ɗaga juyi, ƙwaƙwalwa ta yanke mai, juyi ya faɗo, ta sako mai, ya sake tashi. Haka za su yi ta yi. Ka lura, a nan sensar gaskiya take faɗa. Ana gano wurin ta hanyar kasa kunne ga sautin tsotso, ko lanƙwasa tiyo ɗaya bayan ɗaya a duba tsaga. Masu fesa maganin wanke kafireto a mahaɗa don su ji ko sauti zai sauya, su yi hattara da bakin salansa mai zafi da wayoyin fulogi, don abin yana kama wuta.

Na biyu datti. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin da ba kwalta tana haɗuwa da tururin baƙin mai ta zama kamar kwalta a gefen faifai da cikin bawul ɗin sulo. Matatar iskar da ake bugewa a bango a mayar shekara da shekaru tana ƙara ta'azzara abin. Wanki yana magani, amma da tsumma da buroshi mai laushi. Idan aka yi wa sandar faifai ambaliyar magani, yakan bi ta ya gangara cikin sensar ya cinye ta. Garin neman gira a rasa ido.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi. An daɗe ana cewa motar Turai an yi ta ne don ƙasar sanyi, don haka da ta iso sai a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa. Illar ita ce inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, wani lokaci ma ba ya kaiwa. Sensar zafin ruwa ta gaya wa ƙwaƙwalwa har yanzu da sanyi, ita kuma ta ci gaba da zuba mai da yawa tana riƙe sulo a sama. Fulogi su yi baƙi, mai ya tafi. Ga kuma ruwan rijiya ko na famfo da ake ɗura wa lagireto, wanda tsatsarsa ke toshe siraran tiyon da ke kai ruwan zafi ga bawul ɗin sulo. A tsofaffin Honda akwai wani bawul a ƙarƙashin bakin injekta da zafin ruwa ke rufe shi a hankali. Idan ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta shiga layin, ba zai rufe ba, sai hawa da sauka. Sau da yawa cika ruwa da fitar da iskar shi ne duk maganin.

Sauran sanannu ne: fulogin da ya mutu, wayarsa da ke zubar da wuta, nozul da ya toshe, bawul ɗin mayar da hayaƙi da ya maƙale a buɗe, silindar da ta rasa matsi. Ga gurɓataccen mai. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, balle man bumburutu da ba a san me aka gauraya masa ba. Idan kuwa allura a zaune take cak amma jikin mota na rawa, musamman an sa giya an taka birki, a duba robar da inji ke zaune a kai. Injin lafiyarsa ƙalau, mazauninsa ne ya mutu.

## Yaushe ne ita ce da gaske?

Ciwon sensar totur ya fi bayyana a lokacin motsa ƙafa. A cikinta akwai ɗan hannu da ke gogar wani siririn layi, kuma inda ya fi cinyewa shi ne farkon layin, inda ƙafa ke yini a tuƙin cikin gari. Sai ka ji mota ta yi shiru na ɗan lokaci idan ka taɓa totur, sannan ta zabura. Ko ta riƙa fizga a kan gudu ɗaya. Ko giya otomatik ta riƙa jinkiri, ta shiga da duka. Ko sulo ya zauna daidai yau, gobe ya maƙale a sama ba dalili.

Fitilar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke gaban direba, tana taimakawa, idan ba a cire ƙwanta ba. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin da ake sa wa na'urar bincike. Lambobin P0120 zuwa P0123 na layin sensar totur ne, P0505 zuwa P0507 na tsarin sulo, P0171 na ƙarancin mai a cikin iska, P0300 na ɓatan wuta. Waɗanda suka girmi haka da ƙyaftawar fitila suke magana. A Toyota idan an haɗa TE1 da E1 aka buɗe makulli, lamba 41 ita ce ta sensar totur. A Honda lamba 7 ce, 14 kuma ta bawul ɗin sulo.

Sai dai lamba ba hukunci ba ce. P0122 na nufin wutar da ke dawowa ta yi ƙasa, kuma wayar da ɓera ya ci, ko soket ɗin da ruwan wankin inji ya shiga ya yi kore, duk za su ba da wannan lambar. Mai na'urar da ya karanta lamba ya ce a sayo sensa ba tare da ya taɓa waya ba, bai fi mai murɗa noti da kunne ba.

## Yadda ake awo da daidaitawa

Kafin komai, a tabbatar bakin injekta a wanke yake, wayar totur na da sako-sako, faifai kuma yana komawa ya zauna a kan notinsa. Idan an taɓa murɗa notin, shi za a fara mayarwa: a sassauta shi har faifai ya rufe gaba ɗaya, a dawo da shi har ya taɓa hannun, sannan a ɗan ƙara kaɗan yadda faifan ba zai ciji bango ba. Daidaita sensa a kan notin da ya gusa aikin banza ne.

A sensa mai waya uku, ana buɗe makulli ba tare da tayar da inji ba, a soka siririyar allura ta bayan soket yana haɗe, a sa mita. Waya ɗaya ta nuna kusan bolt 5, ta ƙasa ta nuna kusan sifili, ta ukun ta nuna wajen rabin bolt. Sai a buɗe faifai da hannu sannu a hankali, ido na kan mita. Lambar ta riƙa hawa sumul har ƙarshe, ta sauko sumul. Idan ta yi tsalle, ko ta faɗi sifili a wani wuri ta dawo, layin ciki ya cinye, kuma babu juyin da zai gyara shi. Tsohuwar mita mai allura ta fi nuna wannan fiye da mai lambobi, don ido na ganin allurar ta girgiza. Ana kuma ɗan ƙwanƙwasa jikin sensar da ƙotar sukundireba, a jijjiga wayoyin, a ga ko lambar za ta motsa.

Idan hawan sumul ne amma mafarin ne ya kauce, nan ne daidaitawa ke da amfani. A yi alama da fenti a inda take, a sassauta notin nan biyu kaɗan, a juya jikinta kamar kaurin gashi har mita ta nuna abin da littafin injin ya ce, wanda a Honda rabin bolt ne. A ɗaure, a sake aunawa, domin ɗaurewar kanta takan gusar da ita. Honda da notin da ba su da kai take ɗaure tata, sai an yanka musu tsaga da zarto kafin su kwance, alamar ba a so a taɓa ta sai da dalili.

Mai waya huɗu ta Toyota da siraran ƙarafunan awo ake yi mata, irin waɗanda ake auna bakin fulogi da su. Ana cire soket, a sa mita tsakanin IDL da E2, a zura ƙarfen awo tsakanin notin da hannun faifai. A injin 5S-FE na Camry ta farkon shekarun 1990, da kaurin milimita 0.50 layin ya kasance a haɗe, da 0.70 ya rabu. Wajen saiti ana zura 0.60, a juya sensar har daidai inda mita ta nuna haɗuwa, a ɗaure. Kowane inji da nasa alƙaluman, kada a ɗauki na wannan a kai wa wancan. Wasu kuma suna da wata 'yar tukunya da ke ɗan tura faifai ya buɗe idan inji a kashe yake. Sai an janye ta kafin awo ya yi daidai. Tazarar da ake magana a kai kashi biyu cikin goma na milimita ce. Idan makunnin ya rabu da wuri, ƙwaƙwalwa ba za ta san ana sulo ba. Idan ya daɗe bai rabu ba, za ta yanke mai alhali ƙafa na kan totur, mota ta riƙa fizga a ƙaramin gudu. Babu kunnen da zai iya auna wannan.

Bayan an gama, a cire kan batir ko fis ɗin ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci don goge tsohon laifi, a tayar, a bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi, sannan a gwada da AC da fitilu.

## Motocin da ba a juya tasu

Ba kowace sensa ake daidaitawa ba. Idan ramukan notinta zagayayyu ne, ba masu tsawo ba, zama ɗaya gare ta. Sannan daga farkon shekarun 2000 motoci da yawa sun bar wayar totur gaba ɗaya, kamar Camry daga 2002. A cikinsu wani ƙaramin injin lantarki ne ke juya faifai, sensar a haɗe take da bakin injekta, babu bawul ɗin sulo na daban. Bayan wanki ko cire batir, sulonsu kan rikice na ɗan lokaci sai ƙwaƙwalwa ta sake koyon zaman faifai, wasu ma sai an bi matakai na musamman ko an sa na'ura. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka ya ɓata wani abu, ya shiga kwance-kwance.

## Canjawa ko gyarawa, kuma wa ke biya?

Kanikawa suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Mai mota yakan zo a gaggauce, ba ya son biyan kuɗin bincike, yana ganin wanda bai canja komai ba bai yi aiki ba. Awa biyu da mita a hannu ba ta kawo abin da canja sensa na minti goma ke kawowa. Littattafan injunan nan da Turanci suke, yaran gareji da yawa kuma ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake karanta mita. Masu wayarin su kuma suna kukan cewa sai an gama jagwalgwala mota ake kawo musu, su fara da warware ɓarnar wasu kafin su kai ga ciwon.

Sai batun kayan. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za ka samu iri biyu: ta Beljiyam da aka ciro daga wani injin, da sabuwa a kwali. Ta Beljiyam asali ce, amma shekarunta na iya kai na wadda ka cire, da irin cinyewarta. Sabuwar kuma wata tana da kyau, wata tun daga kwali lambarta ke tsalle. Duk wadda za a saya, a sa mata mita a gaban mai shago, a juya ta da hannu a ga hawanta. Kuma kada a bar tsohuwar a gareji, domin idan canjin bai yi magani ba, wataƙila ita ce mai lafiyar.

Nauyin duka a kan mai mota yake sauka, ya fi kuma tsanani ga ɗan tasi da ke yini a cunkoso. Sulon da ya maƙale a 1,500 maimakon 750 mai yake sha a kowace danja, yana sa giya otomatik shiga da duka, yana tura mota gaba har sai an danne birki. Wanda ya yi ƙasa kuma yana kashe inji a shataletale, sitiyari ya yi tauri nan take, birki ma ya taurare bayan taku ɗaya ko biyu, ga babura ta kowane gefe. Mai mota ba sai ya iya riƙe mita ba, amma yana da ikon ya ce a nuna masa lambar da ta fito faifai a rufe, da wadda ta fito a buɗe, kafin a kwance noti ko ɗaya. Idan garejin babu mita, ya tambayi inda mai wayarin unguwar yake.